Noman Shu a Garkar Gida: A Kama Ɗari Tun Bai Wuce Ba

An yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Yanzu lokaci ya yi da za mu juya ga garka. A wannan karo za mu yi bayani a kan shu, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya suke kira kabeji. Za mu bi shi tun daga renon iri har ranar da za a yanke shi a sa a tukunya.

Abu guda muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Shu amfanin ɗari ne. Kwanakinsa a ƙasarmu ƙidayayyu ne, daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazara. Wanda ya shuka shi a kan kari, kaɗan-kaɗan, iyalinsa za su yi wata da watanni suna cin ganye. Wanda ya makara kuwa, zafi da tsutsa ne za su cinye wahalarsa.

Yadda garka ta yaɗu a Adar

A ƙasar Adar damana ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma ba kowace shekara take cika alkawari ba. Dattawanmu ba su manta da farin 1984 ba. A wannan shekara ce gwamnatin Shugaba Seyni Kunce ta yi kira ga jama'ar Nijar da su duƙufa ga noman rani a duk inda ruwa yake kusa. A shekarar ce kuma aka soma aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya ta ba kuɗi, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da noma da abinci. An jera duwatsu a kan tuddai, an dasa itatuwa, an gina madatsun ruwa, kuma mafi yawan masu aikin mata ne. A shekarun 1990 wani aikin ya taimaka wa manoman kwarin Tarka, a ƙasar Madawa da Buza, da ƙananan rijiyoyin bututu da injunan ban ruwa.

Albasa ce ta fi cin moriyar wannan ruwa, domin ita ce mai kawo kuɗi. Babu laifi a nan. Amma albasa buhu-buhu take fita zuwa Nijeriya da Gana da Kwadebuwa, a bar uwargida da busasshiyar kuka da kuɓewa. Garkar da muke magana a kanta ƙarama ce, a bayan gida ko a gefen rijiya, kuma tukunyar gida ake yi wa ita kafin kasuwa.

Amfanin shu ga jiki

Shu yana da bitamin C mai yawa. Wannan bitamin yana taimaka wa miki ya warke, yana kuma tsare dasashi daga zubar jini. Yana da wani amfani babba ga mata masu ciki da masu goyo. Gero da wake suna da sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake yin jini da shi, amma hanji ba ya iya ɗaukarsa sosai shi kaɗai. Idan aka ci su tare da abu mai bitamin C, kamar shu ko tumatir ko lemon tsami, jiki ya fi ɗauka. Wannan yana cikin hanyoyin rage ƙarancin jini.

Ganyayen waje, masu duhun kore, waɗanda akan ɓare a jefa wa awaki, sun fi farin cikin amfani ga ido. Su ne masu abin da jiki yake mayarwa bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi. Saboda haka kada a zubar da su muddin suna da lafiya.

Sai dai a sani, fiye da kashi 90 cikin 100 na shu ruwa ne. Yana cika ciki, amma ba ya ba da ƙarfi kamar hatsi. Ba ya maye gurbin tuwo ko fura, kuma shi kaɗai ba ya warkar da tamowa. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Lokacin shuka da zaɓen iri

Asalin shu daga ƙasashen Turai ne, inda sanyi yake da yawa. Sunan ma daga Faransanci muka aro shi. Ya fi ƙulla kai mai tauri idan awon zafi yana tsakanin 15 da 20. A jihar Tawa, Disamba da Janairu ne suka fi kusa da haka, musamman da dare. A Afrilu da Mayu kuwa zafin rana yakan wuce 40. Shun da bazara ta tarar bai ƙulla ba, ganye kawai zai yi ta watsawa.

To, ga lissafin. Iri yana yin kamar kwana 30 a wurin reno. Bayan dashe yana bukatar kwana 60 zuwa 90, gwargwadon irinsa. Ke nan daga shuka zuwa yanka wata uku ne zuwa huɗu. Wanda ya zuba iri a tsakiyar Oktoba zai dasa a tsakiyar Nuwamba, ya soma yanka a ƙarshen Janairu. Wanda ya bari har Janairu bai zuba ba, ya shiga hannun bazara.

Shawararmu ita ce kada a zuba iri duka rana ɗaya. A kasa shi huɗu: tsakiyar Oktoba, farkon Nuwamba, tsakiyar Nuwamba, farkon Disamba. Dalili shi ne, shun da aka dasa rana ɗaya kusan tare yake nuna. Gida ba zai iya cinye kai 40 cikin sati biyu ba. Sai a kwashe zuwa kasuwa, a tarar kowa ya kawo nasa, a sayar da shi a wulaƙance. Amma idan an kasa, kowane sati biyu za a sami kai 10 sababbi, tun daga Janairu har Maris.

Shu ba ya yin fure a ƙasarmu, domin yana bukatar dogon sanyi kafin ya yi. Don haka ba a ajiye irinsa a gida kamar na kuɓewa, sai an saya kowace shekara. Daga cikin iri-irin da aka sani a Nijar akwai Marché de Copenhague da Oxylus da KK Cross. Na ƙarshen yana cikin masu jure zafi, shi ya fi dacewa da shukar ƙarshe. A sayi iri a cikin ƙunshinsa wanda ba a buɗe ba, a duba kwanan watan da aka rubuta a jiki. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 250 zuwa 300, wato ya ishi garkar gida har da saura. Mata uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi ƙunshi ɗaya su raba.

Renon iri

A zaɓi ɗan wuri kusa da ruwa, kamar kamu biyu a kowane gefe. A kaftu shi sosai, a farfasa hoge, a tsince duwatsu, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe ya zama kamar ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro. A ja layi da yatsa, zurfinsa santimita ɗaya, tsakanin layi da layi santimita 10 zuwa 15. A zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama, sannan a ba shi ruwa a hankali safe da marece.

Cikin kwana 4 zuwa 7 zai tsiro. Da an ga tsiro sai a janye ciyawar. A Oktoba rana tana da sauran zafi, saboda haka a yi masa ƴar rumfa ta kara, a riƙa rage inuwar a hankali har ya saba da rana. Inda tsiro ya yi cunkoso a rage shi, domin wanda ya tashi a matse dogo yake yi, siriri, marar ƙarfi.

Babbar maƙiyiyar shu a wannan mataki wata tsutsa ce mai shiga tsakiyar tsiro ta cinye zuciyarsa. Tsiron da ta ci ba zai ƙara yin kai ɗaya babba ba, sai ƙananan rassa marasa amfani. Hanya mafi sauƙi ta hana ta ita ce a kafa sanduna a lulluɓe wurin renon da tsohon gidan sauro, a danne gefensa da ƙasa, don kada malam-buɗe-littafin da ke haifar ta ya sami wurin yin ƙwai. Mun ce tsoho. Kada a cire wanda yara suke kwana a ciki a kai garka, a bar su ga sauro.

Gyaran fangali da dashe

Tun kafin a dasa, a yi shinge mai ƙarfi na kara ko na ƙaya. Akuya ɗaya tana iya share aikin wata biyu kafin a dawo daga rijiya.

Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita 10 ya ishi gida. A kaftu shi zurfin santimita 20 zuwa 25, a zuba masa ruɓaɓɓen taki kilo 20 zuwa 30. Shu mai ci ne ƙwarai, ƙasar da ba ta ƙoshi ba ba ta ba da kai. Mai hali yana iya ƙara takin zamani 15-15-15 kamar giram 300 ga fangalin duka. A guji wurin da aka yi shu bara. A bar shekara biyu ko uku ana sa albasa ko tumatir ko wake a wurin kafin a dawo da shi, domin cututtukansa suna kwana a ƙasa.

Ana dasawa idan tsiro ya yi ganye 4 zuwa 6. A jiƙa wurin renon sosai kafin a cire, don saiwa ta fito da ƙasarta. A zaɓi masu kauri, a duba tsakiyar kowane ɗaya. Wanda ba shi da zuciya a jefar da shi. A yi dashe da marece, bayan la'asar, don tsiro ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana. A yi layi biyu, tsakanin gindi da gindi santimita 50, wato kamar kamu ɗaya. Da haka fangalin zai ɗauki gindi 40, goma-goma ga kowace shuka daga cikin huɗun nan. A binne kara har kusa da ganyen farko, a danna ƙasa da yatsu, a ba da ruwa nan take.

Ban ruwa da ƙarin taki

Fangali irin wannan, idan ya cika da shuka, yana shan lita 60 zuwa 80 kowace rana, wato kamar jarka uku masu lita 25. Kowa ya auna ƙarfin rijiyarsa da ƙarfin hannunsa tun da wuri. Gara gindi 20 da suka ƙoshi da gindi 60 masu ƙishirwa. A zuba ruwa a gindi, safe da marece, kada a tsallake rana. Shun da aka bari ya bushe sannan aka cika shi da ruwa, kansa tsagewa yake yi. Shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi a tsakanin gindaye yana rage bushewar ƙasa a lokacin iskar hunturu. Kada a taɓa ba garka ruwan da ya biyo ta makewayi ko masai.

Sati uku bayan dashe a yi noma a hankali, don saiwar shu ba ta da zurfi, a tara ƙasa a gindi. A lokacin ne ake ƙara taki, a sake ƙarawa sa'ad da ganyen tsakiya ya soma naɗewa. Mai amfani da takin zamani fari, wato ure, ya sa kamar giram 100 zuwa 150 ga fangali duka a kowane karo, nesa kaɗan da kara, ya bi da ruwa. Bayan kai ya ƙulla a daina sa shi.

Tsutsa da darɓa

Rigakafi ya fi magani. A riƙa zagaya garka kowace safiya ana ɗaga ganye ana duba bayansa. Akwai wata ƴar tsutsa koriya, tsawonta kamar santimita ɗaya ne. Idan aka taɓa ta sai ta zabura ta sauko da zare kamar gizo-gizo. Ita ce mai huda ganye ya koma kamar rariya, kuma tana ƙaruwa yayin da zafi yake shigowa. Akwai kuma darɓa, wadda take taruwa a bayan ganye tana tsotse ruwansa har ya naɗe. A ƙaramar garka hannu ma magani ne: a tsince tsutsa, a murƙushe ƙwai, a cire ganyen da darɓa ta cika a binne shi. Idan kuma aka ga gefen ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa suna baƙi, cuta ce mai yaɗuwa. A tumɓuke gindin a fitar da shi daga garka.

Magani na biyu yana tsaye a bakin gonakinmu. Tun daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan dogon yaro, wanda wasu suke kira bedi, a kwarin Majiya na ƙasar Buza, domin tare iska. Ƴaƴan wannan icce maganin tsutsa ne. A tsince su idan sun nuna sun zuba, a wanke, a shanya a inuwa, a ajiye. Idan bukata ta zo, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. A fesa da marece, sama da bayan ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita kowane sati. Ba ya kashe tsutsa nan take. Hana ta ci yake yi, ya hana ta girma, har ta mutu.

Gargaɗi a kan maganin kanti

Wannan ƴar tsutsa koriya ta shahara a duniya wajen sabawa da guba. Tun a 1953 aka gano a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya cewa maganin DDT ya daina kashe ta. Manomin da ya ga magani bai yi aiki ba yakan ƙara yawansa, ko ya haɗa biyu. Tsutsa ba ta mutu ba, guba kuwa ta taru a cikin ganye. Shu kuma naɗe yake. Abin da ya shiga tsakanin ganyensa wanki ba ya fitar da shi duka.

Saboda haka kada a fesa wa shu maganin auduga, ko maganin da ake aunawa a kwalba a kasuwa babu suna babu takarda. Tun 1994 ƙasashen Sahel suke da kwamiti guda mai tantance magungunan ƙwari. Malamin gona na yankinku shi zai faɗa muku wanda aka yarda da shi ga kayan garka. A bi awon da aka rubuta, a kuma cika kwanakin jira tsakanin feshi na ƙarshe da yanka. Mace mai ciki da yara kada su yi feshi. Kwalbar da magani ya ƙare a cikinta kada a zuba mata ruwan sha ko mai. A garkar gida mai gindi 40, hannu da gidan sauro da dogon yaro sukan wadatar.

Yanka

Ana sanin shu ya nuna idan aka danna kansa da tafin hannu aka ji shi da tauri, ba ya lotsawa. A yanke shi da wuƙa mai kaifi, da sassafe, a bar masa ganye biyu ko uku na waje su tsare shi. Kada a jira ya ƙara girma bayan ya yi tauri, domin fashewa zai yi. Idan da yawa sun nuna tare, a kama wasu da hannu biyu a ɗan murɗa su har wasu saiwoyi su tsinke, a kuma rage musu ruwa. Wannan yana jinkirta fashewa na ƴan kwanaki. Bayan an gama yanka a tumɓuke kututturan a ba dabbobi, kada su zama gidan tsutsa ga shukar da ke biye.

Daga garka zuwa akushi

A ɓare ganye ɗaya-ɗaya a wanke da ruwa mai tsabta kafin a yanka. Mai girki ta wanke hannu da sabulu. Ɗanyen ganye da ba a wanke sosai ba yana kawo zawo da tsutsar ciki, don haka ga yara ƙanana a dafa shi. Amma kada a dafa har ya narke. Ruwa kaɗan, tukunya a rufe, minti kaɗan, domin doguwar dahuwa tana kashe bitamin C. Kwaɗon shu da ƙuli-ƙuli, ko dambu da ɗan man gyaɗa, abinci ne mai kyau ƙwarai, saboda mai yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A. Yaron da ya wuce wata shida ana iya murje masa dafaffen ganye a cikin kununsa, tare da ci gaba da ba shi nono.

Abin da ya rage kada a bari ya ruɓe. A yayyanka shi siriri, a tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu, a tsane, a shanya a kan tabarma mai tsabta a inuwa mai iska, a rufe da ƙyalle saboda ƙuda da ƙura. Idan ya bushe ƙayau a zuba a tulu ko gwangwani mai murfi. Busasshen shu ba ya kai ɗanye yawan bitamin C, amma zai yi miya a watan Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon ganye kuma bai fito ba.

Jama'a, ɗari baƙo ne, ba ya daɗewa. Wanda yake da niyya ya gyara shingensa, ya tara takinsa, ya nemi iri tun yau. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan shafi, a kuma tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci. Mai tambaya ya nemi malamin gona ko ma'aikacin lafiya na kusa da shi. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a garkunanmu.